Jarrabawa a Cikin Takaba

Ranar da aka kai Murtala makwancinsa, tun kafin maza su dawo daga maƙabarta, Inna Gimbiya ta shiga ɗakin matarsa ta juya madubin bango ya fuskanci gini. Babban da ke jikin durowar kaya kuwa ta lulluɓe shi da tsohon zani ta soke da allura biyu. Ta kwashe kwalli da turare ta zuba a kwalla ta rufe, sannan ta fito tsakar gida ta zauna karɓar gaisuwa. Murtala ɗanta ne na fari, shi kaɗai ne kuma namiji, don haka ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kamar yadda ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye. "Yaron nan" take ce masa har ya fara furfura a gemu.

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Talata Mafara ya san Inna Gimbiya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, wadda in ta ce a'a gara ka je ka roƙi bango. Amma ita ce kuma in an yi haihuwa ko rashi a layin take fara sallama, ita ke tashi ƙarshe. Mutane suna tsoron bakinta suna kuma aika mata 'ya'yansu su wuni.

Matar da aka juya wa madubin sunanta Ummulkhairi, 'yar Bakura, malamar furamare, shekararta shida a gidan. Ciwon ciki na kwana biyu ne ya ɗauke mata miji ana tsakiyar dashen shinkafar rani. Ta shiga takaba a ɗakinta, da hijabi guda da ya koɗe, ba fita ba ɗaga murya.

Abu ɗaya ne bai tsaya ba a rayuwarta, shi ne karatu. Shekara biyar ke nan tana neman digiri a wata jami'a da ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Murtala ne ya jiyo labarin makarantar ya zo ya tasa ta gaba sai da ta shiga. Karatun waya ake ce masa a gidan. Malamai suna ɗora darasi, ita kuma ta saurara tana tsintar shinkafa ko tana jiran tuwo ya sulala. Takan ce ta samu malaman da ba sa gajiya, don in ba ta gane ba sai ta mayar da malami baya sau goma, ya sake faɗa mata da murya ɗaya, ba tsaki ba harara. Wahalar abin ita ce sabis. A duk faɗin gidan nan wuri ɗaya yake zama da gindinsa, ƙarƙashin dogon yaro kusa da randar ruwa, kuma ko can ɗin sai ya ga dama.

Sau biyu karatun yana kuɓuce mata. Na farko lokacin da ta yi ɓari ta kwanta, na biyu lokacin da aka yanke sabis a jihar baki ɗaya, wayoyi suka koma fitila. Saboda haka wannan ce shekara ta ƙarshe da makarantar ta yarje mata. Ta gama duk jarrabawar rubutu, ta miƙa kundin bincikenta a kan matan da ke turara shinkafa a Mafara da Bakura da Maradun. Saura abu guda, ta zauna gaban malamai ta kare shi da baki. In ta tsallake ta gama. In ranar ta wuce ta, shekara biyar sun tafi a banza.

Inna ba ta hana ta saurare ba. Da aka yi sadakar bakwai ta ji muryar wani namiji na fita daga ɗakin mai takaba, ta leƙa, ta tarar mutumin shi kaɗai yake ta zuba, ba ya jiran amsa. Ta ce ai wannan rediyo ne, ta saki labule. Da makarantar aji ce mai kujeru da allo, da tuni an rufe zancen. Wannan kam alheri ne, kuma Ummulkhairi ta san haka, don darussan nan da take maimaitawa su suka riƙa cinye mata wunin da ba ya ƙarewa.

Sai dai akwai inda karatun waya yake da sanyin jiki. Su ɗari biyu da wani abu ne a ajin, duk suna cikin guruf ɗaya na waya, ba ta san fuskar ko mutum uku ba. Kwana tara da rasuwar ta daure ta rubuta musu cewa Allah ya yi wa maigidanta rasuwa. Mutum goma sha ɗaya suka ce Allah ya jiƙansa. Wasu suka turo ɗan hoton hannu biyu. Kafin a yi minti ashirin wani ya tambayi yaushe za a rufe karɓar aikin gida, magana ta bi can, nata saƙon ya haura sama ya ɓace. Ba ta ga laifinsu ba, ai ba su san shi ba, ita ma ba su san ta ba. Amma abin ya yi mata ciwo. Malaman furamarensu kuwa, har da wadda ba sa ga maciji da ita, sun zo sun zauna a tabarma sun yi shiru tare da ita.

Ranar wata Litinin, saura kwana goma sha tara ta fita takaba, saƙo ya shigo. An sa mata ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Za a yi ta bidiyo, kuma dole kyamara ta kasance a buɗe a kan fuskar ɗalibi daga farko har ƙarshe. Wanda bai halarta ba sai baɗi, ita kuwa ba ta da baɗi.

Bayan azahar ta zauna a bakin gado ta danna kyamarar don ta gwada. Sai ga wata mata ta bayyana a gilashin, kumatu sun faɗa, leɓe ya bushe, idanu sun yi zuru-zuru. Ta ɗan jima kafin ta yarda ita ce. Tana cikin kallon ne Inna ta ɗaga labule da kwanon fura a hannu.

"Wanga hwa?" in ji Inna.

"Gwaji nike yi, Inna. Ran Alhamis za su yi mani tambayoyi, sun ce dole su ga huskata."

"Su ga huskarki. Ke ma ki gan ta."

"Haka abar take, Inna. In an buɗe sai ta nuna mai ita."

"To madubi na. Ko an sa mashi caji, madubi na."

Ta ajiye furar. Ta karɓi wayar da yatsa biyu ta kifa ta a kan katifa, a hankali, ba da faɗa ba. Ta fita ba ta ƙara ko kalma ba, kuma wanda ya san ta ya san an gama magana.

Ummulkhairi ta rubuta wa ofishin makarantar, ta yi bayanin rasuwa da takaba, ta roƙi a ɗaga mata mako uku. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo. Ta buɗe da sauri, sai ta tarar na'ura ce, tana gode mata, tana cewa za a duba buƙatarta cikin kwana goma sha huɗu na aiki. Ba ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ba masinjan da zai ce mata Dakta ya fita salla ki jira. Malamar da ke duba kundin nata, Dakta Hanifa, ta saƙo kawai suke haɗuwa, shi ma sai ya bi ta wancan ofishin.

Washegari Ummulkhairi ta aika aka gaya wa Malam Sharhabilu, ƙanin marigayi mijin Inna, limamin masallacin unguwa. Ya zo da hantsi ya tsaya a zaure, Inna ta tsaya daga ciki. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da haƙurin rashi, sannan ya shiga magana. Ya ce abin da aka hana mai takaba sananne ne, ado da turare da kwana a wani gida da zancen aure. Madubi ba ya ciki. Magana da namiji a kan larura, cikin sutura, ita ma ba ta ciki. Ya ce ilmin da yarinyar nan take nema shi kansa marigayin ne ya ɗora ta a kai.

"Na jiya, Malam," in ji Inna. "Allah shi ƙara sani."

Malam Sharhabilu ya shekara arba'in yana jin wannan "na jiya" daga bakin matar wansa. Ya gyara rawani ya yi addu'a ya kama hanya.

Da yamma Inna ta shigo da faifan shinkafa ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ta tura wa Ummulkhairi rabi. Suka yi ta tsinta, ba mai kallon wani. Can tsohuwar ta fara magana, idonta a kan faifai.

"Na san ba shi cikin littahi. Ba yau nis sani ba. Amma bari in gaya maki abin da ni gani da idona. Da babansu ya rasu, wata huɗu da kwana goma ban ga huskata ba. Duk kwanakin nan in na ruhe ido shi nika gani, har da tabon da ke nan gehen hancinai. Randa nif fita takaba anka kawo man madubi, nid duba. Tun daga ran nan ya hwara ɓace mani. Kaɗan-kaɗan. Yanzu in na ruhe ido hularshi kaɗai ka zuwa."

Ta fitar da tsakuwa ta jefa waje.

"Yaron nan bai bar ɗa ba, bai bar ɗiya ba. Ni kuma kin ga inda nik kai. In ke ma kin hwara sakin huskarshi tun yanzu, wa za ya riƙe ta?"

Ummulkhairi ta so ta ce akwai hotunansa a waya fiye da hamsin, amma ta san ba wannan ake nufi ba. Ta zo da hujjoji a ranta, na malamai da na hankali, duk sai ta ji sun yi mata nauyin ɗauka. Tana son tsohuwar nan. Ita ce ta yi jinyarta lokacin ɓari, ita ce ta hana kowa yi mata gorin haihuwa ko da wasa. Ba za ta iya sayen digiri da hawayenta ba.

"Shi ke nan, Inna," ta ce. "Na bari."

Ranar Laraba ta tattara takardunta ta ɗaure da igiya ta tura ƙarƙashin gado. Ta kashe wayar. Ta yi wanki, ta share ɗaki sau biyu, ta zauna ta rasa abin yi da hannunta. Ba ta yi kuka da sauti ba, amma gidan ya yi wani irin shiru da bai taɓa yi ba ko a makon rasuwa. Wata uku da rabi Inna tana jin muryoyin nan suna fita daga ɗakin, tana mitar sun cika surutu. Yau da suka ɗauke, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta zagaya tsakar gida, ta yi wa akuya faɗa ba laifin komai, ta buɗe randa ta rufe.

Bayan la'asar ta ɗaga labule.

"Miƙo man abar nan."

Ummulkhairi ta miƙa. Inna ta juya wayar gaba, ta juya ta baya, ta kai ta kusa da ido. Ta sa farce ta ƙwanƙwasa ɗan gilashin da ke bayanta.

"Wagga abar ido biyu gare ta. Na ga yaron nan in za ya ɗauki hoton gonarshi, da na baya shika ɗauka. Ko ba haka ba?"

"Haka na, Inna."

"In anka duba ki da na baya, su suna ganin ki?"

"Suna gani."

"Ke hwa?"

Shekara biyar Ummulkhairi tana karatu da wayar nan, kwana uku tana juya matsalar a kanta, wannan bai taɓa faɗo mata ba.

"Ni bayan waya kaɗai zan gani," ta ce a hankali. "Amma sai an samu mai riƙewa, shi riƙa duba ko ina ciki, ko sabis ya ɗauke."

"Da wa kike so shi riƙe? Maza za su kalli matar ɗana, ni ina ɗaki? Ni ka riƙewa. Jawo takardunki, kin bar su ƙarƙashin gado ɓera na ci."

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara aka shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro. Ummulkhairi ta zauna da koɗaɗɗen hijabinta, kundin a cinya. Ta saita komai wayar na kife, ta nuna wa Inna inda za ta riƙe kar yatsa ya rufe idon. Inna ta zauna a kujerar tsugunno tana fuskantar ta, ta yi sabon ɗaurin kallabi kamar mai zuwa suna, ko da yake ba wanda zai gan ta.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna wayar ta yi ƙara. Fuskoki biyu suka bayyana a gaban Inna, mace mai tabarau da wani dattijo mai gemu.

"Ummulkhairi Ahmad? Muna ganin ki. Ni ce Dakta Hanifa, wannan kuma Dakta Balarabe, shi ne mai jarrabawa daga waje. Kina da minti goma sha biyar ki gabatar..."

"Salamu alaikum," in ji Inna.

Dattijon ya amsa sallamar, yana neman mai maganar a gilashinsa.

"Kun kwana lahiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa aiki? Madalla. Ni ce uwar mijinta, ni ar riƙe da wayar. Ku ne malamanta?"

"Mu ne, Hajiya," in ji Dakta Hanifa. "Sai dai ƙa'ida ba ta yarda wani ya..."

"Ba karatun zan yi mata ba, ɗiyata, ban san ko alu ba. Tambaya ɗaya gare ni. Shekara biyar yarinyag ga tana ƙarƙashinku. Mijinta ya rasu yau wata uku da kwana ashirin da wani abu. Mai gyaran hwamho ya zo gaisuwa. Mai kai muna gawayi ya zo. Ku ban ga ƙeyar kowa ba. Can wajenku ba a gaisuwa?"

Ummulkhairi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗan ce "Inna" can ƙasan maƙoshi, amma magana ta riga ta fita.

Dakta Hanifa ta cire tabarau. Sai yanzu ta kalli ɗalibar tata da kyau, ta ga hijabin, ta ga fuskar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ummulkhairi, takaba kike yi? Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

"Na rubuto, Dakta. Ofis."

Dakta Balarabe ya gyara zama ya ɗaga hannu biyu, ya ce kafin komai a yi wa mamaci addu'a. Ya tambayi sunansa. Ummulkhairi ta faɗa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yi wa Inna ta'aziyya yadda ake yi, ya ce laifinsu ne, ta yi haƙuri. Inna ta amsa da amin, ta shafa da hannu ɗaya, hoton ya karkace ya nuna akuya, sannan ya dawo.

"To, yanzu ku yi abin da yat tara ku," ta ce.

Ummulkhairi ta fara gabatarwa. Magana take yi da bayan waya, ɗan baƙin gilashi kamar ƙwayar wake, sama da shi kuma idanun Inna. Ta gane in ta kalli idanun ya fi mata sauƙi. Ta yi bayanin yadda mata ke jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a sussuke ba, su turara ta a rabin durom, yadda hayaƙin itace ke cin idonsu, yadda shanya a bakin titi ke jawo tsakuwa ta karya darajar shinkafar a kasuwar Talata. Ta ce tsofaffin cikinsu da ƙamshi suke gane ta yi, ba da agogo ba. Inna ta gyaɗa kai, wannan ai kowa ya sani.

Ana cikin haka muryoyin suka yanke.

"Sun daskare," in ji Inna. "Mai gemun ya tsaya baki buɗe."

"Sabis na, Inna. Ɗaga ta sama kaɗan."

Inna ta ɗaga, bai dawo ba. Ta miƙe tsaye da ƙyar, ta ja ƙafa taku biyu zuwa randa, ta miƙa hannuwa gaba ta karkato wayar ƙasa. Mai gemu ya rufe baki ya ci gaba da motsi. Daga nan ba ta ƙara zama ba. Rana ta hau, inuwar ta janye daga kanta, gumi ya fara bin wuyanta, ba ta gusa ba.

Aka shiga tambayoyi. Ummulkhairi ta amsa na Dakta Hanifa ɗaya bayan ɗaya. Sannan Dakta Balarabe ya yi gyaran murya.

"Malama, aikinki ya yi kyau. Kyansa ne ma ya sa zan tambayi abin da zan tambaya, kuma ki yafe mini, yau ba ranar da ta dace ba ce. Ban taɓa ganin ki ba, ba ki taɓa gani na ba. A irin wannan karatu muna samun waɗanda wani ke rubuta musu daga fari har ƙarshe, ba su taka ko'ina ba. Don haka ba na sa hannu sai na ji shaida. Kin rubuta cewa kin yi hira da mata ashirin da bakwai kin naɗi muryarsu. Ki kunna mana ko guda ɗaya."

Ummulkhairi ta naɗa, ba ƙarya. Amma tata wayar a cike take da darussa a lokacin, don haka da ƙaramar wayar Murtala aka yi, shi ke kai ta a babur, shi ke riƙewa. Daga ita ta kwafe komai a takarda. Tun ranar rasuwa ba ta ƙara ganin wayar ba, ba ta kuma iya tambaya ba.

"Suna cikin wayar maigidana, Dakta. Ban san inda take ba. Ko an same ta, wata uku ba caji..."

"Wace? 'Yar baƙar nan mai maɓallai?" in ji Inna.

Ta mayar da babbar wayar hannun hagu. Da na dama ta laluba ƙugunta, ta kwance ƙullin bakin zani da yatsu da haƙori. Sai ga 'yar wayar ta fito, gefenta duk ya goge, fitilarta a kunne.

"Duk Juma'a nika aikawa a sa mata wuta," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Ko wani da bai ji ba shi kira, a samu mai gaya mashi."

Ummulkhairi ta karɓa da hannu biyu. Ta san abin da ke ciki, ta kuma san Inna ba ta sani ba. Ta ɗaga ido ta dube ta, tana neman yadda za ta faɗa. Malaman suna jira. Ta sunkuyar da kai ta nemo ta farko ta danna.

Aka ji iska, da kukan injin ban-ruwa daga nesa. Sai murya ta fito, garau, da dariya a cikinta.

"To, na danna. Yau Lahadi, muna Maradun, gidan Baba Taibatu. Ga ɗalibarmu nan ta zo da tambayoyi cike da jaka. Malama, bisimilla, kar ki ji kunya."

Hoton da malaman ke gani ya girgiza. Ya nuna reshen itace, ya nuna sama, ya nuna gefen randa. Sannan a hankali ya dawo kan fuskar Ummulkhairi ya tsaya cik.

Muryar Ummulkhairi ta biyo, tana tambaya, wata tsohuwa tana amsawa, kwano nawa take jiƙawa, kwana nawa take shanya. Can sai namijin ya sake tsoma baki.

"Tambaye ta in shinkafarta ta kai ta Innata daɗi."

"Kai, bari mana, aiki nike yi."

"Ba ta kai ba, Baba, ki yi hanƙuri. Na ci shinkafa Sakkwato na ci Gusau, ba wadda tak kama ƙahwar ta tsohuwata. Amma kar ku gaya mata, kanta ya yi girma."

Aka ji matan gidan sun kwashe da dariya.

"Ya isa, Malama," in ji Dakta Balarabe, muryarsa ta yi ƙasa. "Na gamsu. Kina iya kashewa."

"A'a," in ji Inna. "Ku bar shi shi gama."

Minti goma sha ɗaya hirar take, kuma malaman nan biyu, da ke da wasu ɗalibai a layi, suka zauna suka saurare ta har ƙarshe, har inda Murtala ya ce a yi sauri hadari na haɗowa, aka ji ƙarar maɓalli. Hawaye na bin fuskar Inna suna sauka a haɓarta, ba ta da hannun sharewa, ba ta kuma sauke wayar ba.

Dakta Hanifa ta mayar da tabarau ta sake cirewa. Ta ce a ƙa'ida sai sun fita sun tattauna, amma ba ta ga abin tattaunawa ba. Dakta Balarabe ya ce shi ma haka. Ya ce Malama Ummulkhairi ta ci, da 'yan gyare-gyare a babi na huɗu da za a turo mata. Dakta Hanifa ta karanto lambar wayarta ta kanta, sau biyu, ta ce a rubuta. Aka yi sallama, gilashin ya yi duhu.

"Sun tahi," in ji Inna.

Amma hannuwanta suna nan a miƙe, sun ƙage. Ummulkhairi ta tashi ta zare wayar daga yatsunta ta kifa a tabarma. Ta kama hannuwan ta sauke su a hankali, ta zaunar da ita a inuwa, ta durƙusa tana murza mata kafaɗa da damtse. Shekara shida ba ta taɓa taɓa jikin surukarta haka ba.

"Kin ci, ko?"

"Na ci, Inna."

"Madalla." Ta ja numfashi. Idonta na kan 'yar baƙar wayar. "Duk kwanakin nan shina nan ƙuguna, ban sani ba."

Ta ɗauke ta ta riƙe a tafin hannu, tana duban maɓallan da ba ta san ko ɗaya ba.

"Wane aka dannawa?"

Ummulkhairi ta matso ta zauna gefenta. Ta kama babban yatsan tsohuwar ta ɗora shi a kan na tsakiya. Inna ta danna da kanta.